Yaro ya kalli babba ido cikin ido: wayewa ce ko tsaurin ido?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Dan Allah akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, ina so iyayenmu da malamanmu da ke nan su sa baki. Wani yaro da na koyar tun yana firamare a nan ƙauyenmu, yanzu ya gama NCE, ya je intabiyun aiki a Dutse, duk tambayar da aka yi masa ya amsa amma ba a ɗauke shi ba, daga baya muka ji wai ɗaya daga cikin masu intabiyun ya ce tunda yaron ya shigo kansa na ƙasa har ya fita, wai alamar ba zai iya riƙe aji ba. To mu fa haka muka tarbiyyantar da shi. Mu muka ce masa in babba na magana kar ka tsare shi da ido. Yanzu me za mu gaya wa na baya? Su ɗago ko su sunkuya?

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam Malam. Su sunkuya. Aikin da sai ɗana ya zare wa sa'an ubansa ido zai samu, Allah ya ba shi wanda ya fi shi.

Saminu Legas: Baba Allah ya ƙara girma, amma wlh in ka fita waje abin ba haka yake ba. Mu da muke zuwa ci-rani mun sani, a can in kana magana da mai gida kana kallon ƙasa cewa zai yi akwai abinda ka ɓoye, in kaya ya ɓata a shago kai za a fara kamawa saboda kawai ka ƙi haɗa ido. A shingen hanya ma haka, direba ya sha gaya mana in an haska ku da tocila ku ɗago ku kalli mutum ku amsa, wanda ya duƙar da kai shi ake cewa sauko.

Alhaji Ɗanlami: Saminu ai Yarabawan da kake zaune cikinsu su ma ɗansu kwanciya yake yi ƙasa in zai gai da babba, 'yarsu kuma ta sa gwiwa a ƙasa. Kar a ce mu kaɗai ke da wannan.

Saminu Legas: Haka ne Baba, a gida kenan. Amma a ofis da kasuwa wani abu ne daban.

Maman Ilham: Ni dai gsky ina bayan Baba. Yarinyar da za ta tsaya ƙerere tana kallon tsabar idon uwar mijinta ai tun a satin farko za a ce an kawo mana fitsararriya. Kuma mu mata mun san ido yana faɗin abinda baki bai isa ya faɗa ba, mu da muka taso in aka yi baƙi Inna ba sai ta ce tashi ba, kallo ɗaya za ta yi miki ki san inda dare ya yi miki, in baƙuwa ta miƙo miki abu sai kin saci kallon Inna tukun kafin ki sa hannu biyu ki karɓa. Yanzu ki harari yaro a gaban mutane sai ya ce Mama mene ne kike kallona. Wannan shi ne abin kuka ba rashin kallon mai intabiyu ba.

Sadiq: Salam, ina neman afuwar iyayena, ni ɗalibi ne amma wannan ɓangaren muna taɓa shi a makaranta, bari in kawo abinda na sani. Maganar da Yaya Saminu ya yi cewa ana ɗaukar mai kau da ido a matsayin maƙaryaci, ba a Legas kaɗai ba ne. Akwai binciken da aka fitar a 2006 da aka tambayi mutane a ƙasashe 58 ta yaya ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce wai ba ya iya haɗa ido. Amma da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ƙarya da masu gaskiya sai aka ga kau da ido ba ya rabe su. Wasu masana biyu, Bond da DePaulo, su ma a 2006 sun haɗa bincike sama da 200, suka ga mutane na cankar gaskiya da ƙarya daidai kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato kaɗan ya ɗara wanda ya rufe ido ya zaɓa. Ɗan damfara shi ya fi kowa sanin ana duba ido, shi ya sa zai ƙura maka nasa yana rantsuwa.

Alhaji Ɗanlami: Yaro ka yi gaskiya a nan. Na kusa tsufa a kara, Alhamis ina Maigatari Juma'a ina Wudil, kuma duk wanda ya taɓa kawo mana dabbar sata ba mai sunkuyar da kai ba ne, shi ne mai yawan fara'a da saurin sallamawa. Amma kar ka ce jiki ba ya magana, da shi muke cin abinci. Mai sa zai ce albarka, to ni ba bakinsa nake saurare ba. In ya ce albarka ya juya baya gaba ɗaya ya ja igiya, tayin ya yi nisa da abinda ke ransa, kar ka ɓata bakinka. In kuwa ya ce albarka amma ƙafarsa ba ta motsa ba, ya ɗan waiga ya dubi ɗan'uwansa da suka zo tare, to saura ƙiris, ƙara masa kaɗan ka kama hannunsa zai sallama. Mai saye kuma zai kushe dabba, ya ce ƙafar baya kaza, haƙori kaza, ya wuce, amma ka bi idonsa, in ya je gaba ya sake waiwayo ta sau biyu to ta shiga ransa, zai dawo. Wannan ba a allo na karanta ba.

Sadiq: Baba ai wannan da ka faɗa ya fi abinda ke cikin littattafan da yawa, don kai kana haɗa ƙafa da ido da hannu da abinda ya gabata a cinikin, ba alama ɗaya ka riƙe ba. Matsalar masu riƙe alama ɗaya ce, ya kalli ƙasa shikenan ɓarawo ne.

Yusuf Kwamfuta: Mu a wata bita da aka yi mana an ce magana kashi 7 ce kawai a cikin sadarwa, murya 38, jiki da fuska 55. To in haka ne ai dole a koya wa yara kallon ido tunda shi ne mai kaso babba.

Sadiq: Yaya Yusuf wannan lissafin ana yawan kawo shi a bita amma ba haka mai shi ya nufa ba. Albert Mehrabian ne, a Amurka, 1967. Abinda ya gwada ƙarami ne, kalma guda ɗaya ake furtawa da murya daban daban ko a haɗa da hoton fuska, a tambayi mutane shin mai maganar so yake nunawa ko ƙi. Wato yana magana ne a kan lokacin da baki ya faɗi wani abu fuska ta faɗi wani, kamar mutum ya ce maka ba komai alhali ya murtuke, nan ne za ka yarda da fuskar. Shi da kansa ya ce kar a ɗora shi a kan kowace irin magana. In da kalma kashi 7 ce da ba wanda zai fahimci labaran rediyo.

Malam Habu: Madalla. Amma har yanzu ba a ba ni abinda zan gaya wa 'yan aji shida ba. Allah ya gafarta Malam Liman, muna ganin ka karanta ka yi shiru.

Malam Liman: Bismillah. Ina sauraro ne Malam Habu. Abinda zan ce, an haɗa abubuwa uku wuri ɗaya ne shi ya sa maganar ta cukurkuɗe.

Runtse ido da Allah ya yi umarni da shi a Suratun Nur, aya ta 30 ga maza ta 31 ga mata, wannan tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba ne da kuma al'aura, ba ya cikin abinda za a yi ciniki a kansa don intabiyu.

Sunkuyar da kai gaban babba kuwa girmamawa ce kuma tana da asali. A Sahihu Muslim, Amru ɗan Asi Allah ya yarda da shi ya ce bai taɓa iya cika idonsa da kallon Manzon Allah (SAW) ba saboda kwarjininsa da girmama shi, har ya ce da za a ce ya siffanta shi ba zai iya ba. To kun ga Alhaji bai yi kuskure ba. Amma ku ji ɗaya ɓangaren, a Shama'il na Tirmizi shi dai wannan sahabin ya ba da labarin cewa Annabi (SAW) yakan fuskanci mutum da fuskarsa da maganarsa har shi Amru ya zaci shi ne mafifici a cikin mutane. Kuma an siffanta shi da cewa in zai waiwaya yakan juyo ne gaba ɗayansa. To ku duba, ƙarami ya sunkuya, babba ya fuskanto. Mu mun riƙe rabin farko da kyau mun saki na biyu. Yaro zai durƙusa yana gai da ubansa, uban na kallon wani wuri yana amsawa da hanci. Talaka zai cire takalmi ya tsuguna gaban mai kuɗi, shi kuwa ko ɗago kai daga waya ba zai yi ba. Luƙmanu ya ce wa ɗansa kada ka karkatar da kuncinka ga mutane, aya ta 18, ta 19 kuma ta yi maganar tafiya da murya. Duk jiki ne wannan.

Na ukun shi ne mugun amfani da ido, harara da ƙifce da kallon raini. A Suratul Muɗaffifina an ambaci masu ƙifta wa juna ido in muminai sun wuce, a Suratu Gafir aya ta 19 Allah ya ce ya san ha'incin idanu. Wannan ko yaro ko babba haramun ne ka wulaƙanta mutum da shi.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya saka da alheri Malam, wlh wannan na babba ya fuskanto ya taɓa ni, don sau nawa yarinya za ta zo tana ba ni labarin makaranta ina tankaɗe ko ina danna waya ina cewa ina jinki, har ta gaji ta tashi.

Alhaji Ɗanlami: Na karɓa Malam. Amma a ƙara da cewa sunkuyon yaran yanzu ma ba irin namu ba ne, kai na ƙasa amma waya ce a cinya.

Anti Binta: Sannunku, yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo ya taru. Ni a ɗakin awo nake, bari in faɗi yadda abin yake a wajenmu don nan ne kunya take iya zama hatsari. Mace za ta zo daga ƙauye, uwar miji ta rako ta ko mijin na tsaye a bakin ƙofa, ki ce me ke damunki ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce ba komai, ki ce ya jikin ta ce da sauƙi, da sauƙin nan ko tana naƙuda shi za ta ce, musamman mai cikin fari da aka gaya mata kuka abin kunya ne. In na tsaya a kan abinda bakinta ya faɗa sai in rubuta lafiya lau in sallame ta. To ni hannu nake kallo, ya take riƙe da gefen benci, tana cije leɓe ko a'a, da ta zo zama dafa ƙugu ta yi ko dafa goshi, na ja fatar idonta na ƙasa in ga ja ne ko ya yi fari fat alamar ƙarancin jini, ƙafa da fuska sun kumbura ko ba su kumbura ba. Kuma na lura in na tsaya a kanta ina kallonta ba za ta yi magana ba, sai na ce wa mai rakiyar dan Allah Inna ɗan ba mu wuri, in jawo kujera in zauna a gefenta ba gaba da gaba ba, ina ɗaura mata abin awon jini a hannu idona na kan abin awon, a nan ne za ta ce Anti tun shekaranjiya nake ganin jini, ko kaina kamar zai tsage ina ganin duhu duhu. Da na ce sai ta kalle ni ido cikin ido da ba zan ji wannan ba.

Sai dai kuma iyaye a kula, jariri ba ya kunya. Jariri sabuwar haihuwa abinda ya fi gani shi ne abinda ke kusa, kamar tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa, kuma wajen wata biyu yake fara mayar da murmushi. In yaro ya girma ya wuce shekara ba ya kallon fuskar uwarsa, a kira sunansa ba ya waiwaye, ba ya nuna abu da yatsa, kar a ce miskili ne ko ya gado kunyar kakansa, a kawo shi a duba jinsa da ganinsa da sauran abubuwa tun da wuri.

Yakubu Tela: Anti Allah ya biya ki, wannan maganar ta ƙarshe gidanmu ta faru, ƙanina kurma ne kuma sai da ya kai wajen shekara uku aka gane, ana ta cewa taurin kai ne. Shi yanzu duk wannan muhawarar ba ta shafe shi ba don shi idonsa ne kunnensa, dole ya kalli Baba a fuska in ba haka ba ba magana. Ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki a Kano, kuma a maganar hannu fuska tana cikin maganar, alama ɗaya ce da hannu amma in ya ɗaga gira ta zama tambaya, in ya girgiza kai ta zama a'a. In yana maka magana ka kau da kai to ka katse shi kenan, abin na ƙona masa rai sosai. Akwai wani dattijo baƙo da ya zo shagonmu ya ce wannan yaron ba shi da kunya ya tsare ni da ido, sai da na yi masa bayani ya yi ta ba da haƙuri.

Malam Liman: Allah sarki. Shi ya sa ba a yanke wa mutum hukunci da kallo ɗaya.

Saminu Legas: To amma fa a dawo kan masu fita nema. Ni ba cewa na yi a zubar da tarbiyya ba, cewa na yi yaron da zai bar Ringim ko Gezawa ya je inda ba a san shi ba a gaya masa gaskiyar abinda zai tarar. Ni ba wanda ya gaya min, sai da na ga ana ba wasu ajiyar kuɗi ni ana hana ni, wani ɗan Haɗeja da ya riga ni zuwa ya ja ni gefe ya ce in oga na magana ka ɗago ka kalle shi ka gyaɗa kai, in zaka amsa ka buɗe murya, ka daina wasa da yatsu kana kallon takalmi.

Sadiq: Kuma ba ƙurawa ake nufi ba. Ko a ƙasashen Turawan mutum ba ya kafe wani da ido tun daga farko har ƙarshe, mai sauraro ya fi kallo, mai magana yakan kau da kai in yana tunani sannan ya dawo. A Japan ma yawan kallon tsabar ido ba ladabi ba ne. Malam Habu ina ga ko a aji in ka yi wa yaro tambayar lissafi ya kalli rufi ko ƙasa a bar shi, tunani yake, in aka ce kalle ni nan sai lissafin ya gudu.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne na sha gani. Abinda nake tunani yanzu, tunda muna da muhawara da kacici-kacici duk ranar Alhamis, zan riƙa fito da su gaban aji ɗaya bayan ɗaya, yaro ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa ba jingina da allo ba, ya fitar da hannu daga aljihu da baki, ya kalli 'yan layin baya ya yi magana yadda za su ji. Da sa'anninsa zai fara, wannan ba wanda zai ce rashin kunya ne. In ya saba sai ni in zauna a matsayin baƙo ya shigo ya yi sallama ya ɗan rusuna, in na tambaye shi ya ɗago ya amsa sannan ya sauke ido. Gaisuwar gida kuma tana nan yadda take, durƙuso da cire takalmi da miƙa abu da hannun dama.

Alhaji Ɗanlami: In dai zai dawo gida ya durƙusa wa uwarsa ban hana ba. Amma Malam ka riƙa jaddada masu bambancin, don yaro in ya koyi abu a makaranta a kan ubansa yake fara gwadawa.

Maman Ilham: To Malam 'yan matan fa? Don ni nan ne hankalina bai kwanta ba. Ilham tana so ta yi aikin jinya, gobe namiji ne zai yi mata intabiyu, namiji ne malaminta, maras lafiya ma wani namiji ne. In ta sunkuya a ce ba ta iya ba, in ta ɗago a garin nan a ce idonta ya buɗe.

Anti Binta: Maman Ilham mu ma ta nan muka bi. Kallon aiki daban yake kuma kowa yana gane shi, fuska ba a ɗaure ba ba kuma a washe ba, ki kalli mutum lokacin da yake faɗin ciwonsa, ki mayar da ido kan kati ki rubuta, murya a tsaye ba rangwaɗa. Wanda ya zo da wata manufa daga yadda kika tsaya zai san ba wuri. Ki turo min ita ranar Talata da muke rigakafi ta zauna kusa da ni ta gani da idonta.

Malam Liman: Malamai sun yi sauƙi a kallo na buƙata, kamar wajen magani da shaida da ciniki da karatu, gwargwadon buƙatar ba tare da wuce iyaka ba. Sai dai a yi ƙoƙari kar a keɓe, ƙofa a buɗe ko da wani a wurin.

Maman Ilham: Na gode Malam, na gode Anti. Talatar da ƙarfe nawa kuke farawa? Don sai ta gama kai wa Babanta abinci gona tukun.

Anti Binta: Takwas muke buɗewa amma mata ba sa taruwa sai wajen goma, in ta zo sha ɗaya ma za ta samu layi. Ta sa hijabin da hannu ke fita don zan sa ta riƙe min jarirai a sikeli.